Benen haya mai samar wa kansa wuta: yadda ake tsara shi a matsattsen fili cikin birni

A kowane babban birni akwai filayen da ido ya saba da su har ya daina ganinsu: kango tsakanin benaye biyu, tsohon wurin ajiye motoci, harabar masana'antar da aka rufe, ko siririn filin da ya rage bayan an yanka titi. Hanya ta riga ta iso, ruwa da wuta da magudana suna bakin ƙofa, makaranta da wurin aiki ba su da nisa. Gina gidajen haya a irin wannan wuri ya fi a je a sare daji a bayan gari, nesa ba kusa ba. Sai dai wanda yake so gininsa ya samar da wutar da yake sha, to ya sani ya zaɓi fage mai wuya. Fili kaɗan ne, maƙwabta dogaye ne, inuwa na zuwa ta ko'ina, kuma titi ne ke yanke inda ginin zai fuskanta.

Masana gini suna kiran irin wannan gida mai lissafin sifili. Ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce, idan shekara ta zagayo aka tara wutar da ginin ya sha, aka tara wadda ya samar daga hasken rana, a tashi canjaras. Ba a yanke shi daga layin wutar gari. Da rana yana tura rarar da ya samu, da dare ya karɓo. A watannin da rana ke da ƙarfi ya bayar, a watannin gajimare ya ci.

An yi, kuma an gani. A birnin Frankfurt na Jamus, a shekarar 2015, an kammala wani bene mai suna Aktiv-Stadthaus a kan tsohon wurin ajiye motoci wanda aka daɗe ana ganin bai ginuwa. Tsawonsa ya kai kusan mita 150, faɗinsa kuwa wajen mita 10 kacal. Hawa takwas ne, gidaje 74, farantan sola a rufi da kuma jikin bango, zafin dumama ɗakuna kuma ana zuƙo shi daga ruwan magudanar da ke wucewa kusa da shi. An tsara shi ya samar da fiye da abin da yake sha a shekara.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne tsarin aikin. Masu gini da yawa sukan gama zane tsaf, sannan su kira mai sola ya hau rufi ya ga abin da zai iya dasawa. A matsattsen fili wannan hanya ba ta ɓullewa. Daga rufi ake farawa, a sauko ƙasa.

Mataki na farko: a daidaita kan abin da za a ƙirga

Kafin a ja layi ko ɗaya, mai gini da mai zane da injiniyoyi su zauna su rubuta abin da sifili ke nufi a wannan aikin. Tambayoyi uku ne ke kawo saɓani daga baya. Wutar da 'yan haya ke sha a cikin gidajensu, ta firji da talabijin da girki, tana cikin lissafi, ko ta dumamawa da sanyayawa da ruwan zafi kaɗai ake nufi? Cajin motoci masu lantarki fa? Sannan a ina ake awo, a bakin mitar ginin, ko tun daga tashar da ta samar da wutar, har da abin da ya salwanta a hanya? Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar da tata ma'anar a 2015, ta zaɓi awo tun daga tushe. Wasu kuma sun fi son awon bakin mita, domin shi ne kowa zai iya dubawa da idonsa.

Shawarata ita ce a saka wutar 'yan haya gaba ɗaya, a ware cajin motoci da tasa mitar, kuma ginin ya zama na lantarki zalla, ba bututun gas. Duk lissafin da ya cire girki da firji ya cire babban kaso na gaskiyar ginin. A duba dokar wurin ma, domin tana sauyawa. Tarayyar Turai ta amince a 2024 cewa daga 2030 duk sabon gini ya zama marar fitar da hayaƙi, gine-ginen hukuma kuwa tun daga 2028.

Mataki na biyu: karanta filin, musamman inuwarsa

Je filin da safe, da tsakar rana, da yamma. Daga nan a zana shi a kwamfuta tare da duk ginin da ke kewaye, a bi tafiyar inuwa wata-wata. Ranar da ta fi muhimmanci ita ce wadda rana ta fi yin ƙasa a shekara, wato wajen 21 ga Disamba a arewacin duniya, 21 ga Yuni a kudanci. A garin da ke digiri 50 daga tsakiyar duniya, tsayin rana a tsakar wannan yini bai wuce digiri 17 ba, don haka inuwa takan ninka tsayin abu sau uku da ɗoriya. Maƙwabcin da ya ɗara rufinka da mita 6 zai shimfiɗa maka inuwar kusan mita 20. A garin da ke digiri 10, inuwar wannan maƙwabcin wajen mita 4 ce kawai. Bambancin ya isa ya sauya zane baki ɗaya.

Kada ka tsaya a ginin da ke tsaye yau. Nemi takardar tsarin unguwar ka ga iya tsayin da doka ta yarje wa maƙwabci ya kai. Shagon da ke hawa ɗaya bana zai iya zama bene mai hawa shida nan da shekara biyar, farantanka kuwa na shekara 25 ne ko fiye. Haka kuma ka dubi taka inuwar. Ba daidai ba ne ka cika lissafinka ta hanyar toshe wa gidan baya rana da iska.

Sauran binciken a gaggauce: a gwada ƙasa ko akwai gurɓata daga tsohuwar masana'anta ko gidan mai, a tambayi kamfanin wuta ko taransifomar layin za ta iya karɓar rarar da za ka tura, a auna ƙarar titi da hayaƙinsa, domin tagar da ke kallon babban titi ba za a riƙa buɗe ta da dare ba, komai abin da zane ya ce. Bayanan yanayin da ake lissafi da su galibi daga filin jirgin sama ake ɗauko su, alhali tsakiyar birni ta fi can zafi, musamman da dare, saboda kwalta da kankare suna riƙe zafin yini. A ƙara wannan a lissafin sanyayawa.

Mataki na uku: kasafin rufi

Nan ne zuciyar aikin, kuma lissafin bai fi ƙarfin takarda da biro ba. Yunit ɗaya na mita shi ne kilowat ɗaya da aka sha na tsawon awa guda, da shi za mu yi awo.

Farantin sola na zamani yana ba da kusan wat 200 a kowane murabba'in mita. Kilowat ɗaya ke nan yana cin wajen murabba'in mita 5. Abin da kilowat ɗaya ke samarwa a shekara ya danganta da wuri: kusan yunit 1,000 a ƙasashe masu gajimare irin su Jamus, 1,600 ko fiye a ƙasashe masu rana sosai.

Ɗauki ginin da ya zauna a kan murabba'in mita 400. Ba duk rufin ne zai ɗauki faranti ba. Akwai kan matakala, kan lif, bututun iska, hanyar masu gyara da ta 'yan kwana-kwana. A ce an samu kashi 70 cikin 100, wato murabba'in mita 280, wanda zai ba da kilowat 56. A ƙasa mai gajimare yunit 56,000 ke nan a shekara, a mai rana kusan 90,000.

Yanzu raba da girman ginin. Idan hawa huɗu ne, jimlar daɓensa murabba'in mita 1,600. Kowane murabba'in mita yana da rabon yunit 35 a shekara a ƙasa mai gajimare, 56 a mai rana. Idan gidaje 20 ne a ciki, kowane gida yana da yunit 2,800 a ta farko, kuma daga ciki ne za a biya lif da fitilun matakala da famfon ruwa. Ƙara hawa zuwa takwas: rufi bai ƙaru da taƙi ɗaya ba, amma masu ci sun ninka. Rabon ya koma 17 da rabi, ko 28.

Wannan lambar ita ce kasafinka. Rubuta ta a saman kowane zane. Duk wata shawara da za a kawo daga baya, ta faɗin taga ce ko ta irin na'urar sanyi, sai a tambaya yunit nawa take ci daga ciki. Daga wannan lissafi kuma za ka ga abin da ya sa bene mai hawa uku zuwa biyar ya fi saurin kaiwa ga sifili, kuma abin da ya sa daga hawa shida zuwa sama sai an nemi taimakon bango ko wani fili daban.

Akwai wata jarabawa a nan da nake so in ja kunne a kanta. Wani zai ce to a rage hawa, a gina gidaje 12 maimakon 30, lissafi ya fito da kyau. A tsakiyar birni wannan asara ce. Iyalai 18 da aka hana wuri za su koma bayan gari su riƙa doguwar tafiya a mota kullum, man da za su ƙona ya fi abin da ka yi tsiminsa. Gara a gina dogon bene mai tsimin wuta ƙwarai, a faɗi gaskiya cewa rufinsa na biyan kashi 60 ne, a nemo sauran daga gonar sola ta haɗin gwiwa. Dogon benen ɗalibai na makarantar Cornell Tech da aka buɗe a New York a 2017, mai hawa 26, ba zai taɓa ciyar da kansa daga rufinsa ba, amma an gina shi bisa ƙa'ida mai tsananin tsimi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na huɗu: siffar ginin da tagoginsa

Zafi ta fatar gini yake shiga, ta nan yake fita. Gini dunƙulalle mai sauƙin siffa yana da ƙarancin fata idan aka gwada da yawan ɗakunansa. Kowane lungu da kwana da aka ƙara don ado ƙarin fata ne da ƙarin wurin yoyo. A nan matsattsen fili yana da alherinsa: bangon da ya jingina da na maƙwabci kusan ba ya asarar komai, kuma gidan da ke tsakiyar bene wasu gidajen ne ke rufe shi sama da ƙasa da gefe.

Idan faɗin filin ya bari, a tsara kowane gida ya samu taga ta ɓangarori biyu domin iska ta ratsa. Doguwar hanyar tsakiya mai gidaje dama da hagu tana da arha, amma tana kashe ratsawar iska, kuma sai an kunna mata fitila dare da rana.

Gilashi kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na bango. Ko taga mafi tsada ba ta kai bango mai kyau tare zafi ba. Ɓangaren da ke kallon inda rana ke bi da tsakar yini yana da sauƙin karewa, ƙaramar rumfa ko baranda a saman taga ta isa. Gabas da yamma ne masu wahala, domin rana na shigowa a kwance. Su sai da makari mai motsi ko mai tsaye, kuma a waje. Labulen ciki yana tare haske, amma zafin ya riga ya shigo ɗaki.

Mataki na biyar: bargo da toshe kafofi

Ma'aunin da ya fi taimakawa a nan shi ne wanda ya samo asali daga gidan da Wolfgang Feist da abokan aikinsa suka gina a Darmstadt ta Jamus a 1991, wanda aka fi sani da Passivhaus. Ƙa'idarsa ita ce dumama gida kada ta buƙaci fiye da yunit 15 na zafi ga kowane murabba'in mita a shekara, kuma idan aka matsa wa ginin iska da ƙarfin faskal 50 (faskal ma'aunin matsin iska ne), abin da ke zurarewa a awa ɗaya kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na iskar da ke ciki. Ko ba ka neman takardar shaidarsu, waɗannan lambobin sun dace da kasafin da muka yi a sama.

Abin tare zafi, wanda zan kira bargon gini, ya zagaye ginin ba yankewa: rufi, bango, ƙasan hawan farko. Ɗauki zanen yankan ginin, ka bi bargon da biro ba tare da ka ɗaga hannu ba. Duk inda ka ɗaga, akwai gadar da zafi zai bi. Babbar gada ita ce baranda. Idan kankaren ɗaki ya zarce waje ya zama baranda, to shi da rodinsa suna jan zafi kamar cokalin da aka bari a tukunya. Maganinsa ko dai a sa mahaɗi na musamman mai yanke zafi tsakaninsu, ko barandar ta tsaya da ƙafafunta a waje. Haka za a bi da biro na biyu a kan layin toshe iska, a rubuta da sunan wanda zai liƙe kowace mahaɗa, musamman gefen tagogi da inda bututu da waya ke huda bango.

A ƙasashe masu sanyi ana sa taga mai gilashi uku. A masu zafi abin da ake nema shi ne gilashin da ke rage zafin rana ba tare da ya duhunta ɗaki ba, da rufi mai bargo mai kauri da farin saman da ke mayar da haske. Farantan sola ma kansu inuwa ce ga rufin.

Magana ɗaya ba ta da sassauci: a dogon bene, bargo da abin da aka lulluɓe bango da shi su kasance marasa cin wuta. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rayuka 72, ta bi ta jikin lulluɓin bangon waje ne ta game ginin. Tsimin wuta bai kai ran mutum ba.

Mataki na shida: iska, sanyi, ɗumi da ruwan zafi

Gidan da aka toshe kafofinsa dole a shigar masa da iska da gangan, kusan kyubik mita 30, wato lita 30,000, ga kowane mutum a awa. Ana amfani da na'ura mai fanka biyu wadda ke fitar da tsohuwar iska daga kicin da banɗaki, ta shigo da sabuwa ɗakunan kwana da falo, a tsakiya kuma su yi musayar zafi ba tare da sun gauraya ba. Mai kyau tana ceto kashi 75 cikin 100 ko fiye. A wuri mai laima a zaɓi irin da ke musayar danshi ma. A gefen titi mai hayaƙi, matatar da ke cikinta alheri ce babba ga ƙirjin yara. A ajiye ta inda za a iya sauya matatar ba tare da an nemi tsani ba.

Dumamawa da sanyayawa aikin famfon zafi ne, wato na'ura mai aiki irin na firji, mai kwashe zafi daga wani wuri ta kai wani. Da yunit ɗaya na lantarki takan motsa yunit uku zuwa huɗu na zafi. Mai ɗibar zafi daga iskar waje ta fi arha, amma tana cin wuri a rufi kuma tana da ƙara, abin lura a inda tagar maƙwabci ke kusa. Mai ɗiba daga ƙasa tana buƙatar rijiyoyin burtsatse masu zurfi, waɗanda a matsattsen fili ake haƙawa kafin a zuba harsashi, a ƙarƙashin ginin. Kada a sayi wadda ta fi ƙarfin buƙata don gudun ƙorafi. Babbar na'ura a ƙaramin aiki tana ta kunnuwa da mutuwa, ta sha wuta, ta kasa cire laima. Fankar sama kuwa, da 'yar wutar da take sha, tana sa mutum ya ji daɗi ko da an ɗaga awon na'urar sanyi da digiri biyu.

Ruwan zafi ne ke ba mutane mamaki. A ce mutum ɗaya yana amfani da lita 40 a rana, ana ɗaga zafinsa da digiri 40. Wannan kusan yunit 680 ne a shekara. Mutum 50 a benenmu mai hawa huɗu, yunit 34,000 ke nan idan hita ce ta yau da kullum, daga kasafin 56,000. Fiye da rabi ya tafi a wanka. Da famfon zafi zai sauko wajen 11,000. Ga kuma ɓoyayyiyar asara: a manyan benaye ana zagaya ruwan zafi cikin bututu dare da rana domin kada a jira shi, kuma wannan bututun yana zubar da zafi ba fashi, yana dumama hanyoyin ciki ko da lokacin zafi ne. Don haka a jera kicin da banɗakuna a kan layi ɗaya daga hawa zuwa hawa, a gajarta bututu, a naɗe shi da bargo mai kauri, a sa kan shawa mai rage zubar ruwa. Babban tankin haɗaka yana buƙatar a riƙe shi wajen digiri 60 saboda ƙwayar cutar lejiyonela. A saita dumama tanki da tsakar rana, lokacin da farantai ke aman wuta. Tankin ruwan zafi shi ne batir mafi arha da ginin zai samu.

Na'urori su zama masu sauƙi, waɗanda masu gyara na gari suka sani. Rukunin gidaje na BedZED da aka kammala a kudancin Landan a 2002 ya koyar da wannan. Bangonsa da tagoginsa sun yi aikinsu, amma injin da aka sa ya samar da wuta da zafi daga guntayen itace ya yi ta ba da matsala har aka daina amfani da shi.

Mataki na bakwai: wutar da ba ta da mai ita

Lif, fitilun matakala, famfon tura ruwa sama, ƙofar gareji, kyamarori: ba wanda ke jin su a aljihunsa, don haka ba mai kashewa. A sa taga a matakala, a yi ta a wuri mai kyau kusa da ƙofar shiga domin masu hawa ɗaya da biyu su bi ta. Fitilu su zama masu kunna kansu idan sun ga motsi. A zaɓi lif mai kashe fitilarsa da fankarsa idan ba kowa. Garejin ƙarƙashin ƙasa kuwa, da fankokinsa da fitilunsa da tulin simintinsa, shi ne abin da zan fara roƙon hukuma ta sassauta, tunda amfanin gini a tsakiyar gari shi ne rage dogaro da mota. Sarrafa siminti kaɗai na da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, abin da lissafin mita ba ya nunawa.

A cikin gidaje, mai gini ya sa firji da murhun lantarki da injin wanki masu tsimi da kansa. Idan aka bar wa kowa ya zo da nasa, tsofaffin kaya za su cinye abin da bango ya tara. A tanadi wurin shanya mai iska, domin injin busar da kaya na cikin manyan masu shan wuta. A benen Frankfurt kowane gida yana da allon da ke nuna masa abin da ya sha, kuma an haɗa wani adadin wuta a cikin kuɗin haya. Mutum idan yana ganin lambarsa yakan kula.

Mataki na takwas: farantai, bango, batir da mita

Sai yanzu aka zo kan sola, kuma rufin yana jira a share. A tattara duk bututu da injuna a gefe ɗaya, ɓangaren da inuwarsu za ta faɗa waje. A shimfiɗaɗɗen rufi, jera farantai baya da baya, rabi gabas rabi yamma, da ɗan karkata na digiri 10, yana ɗaukar farantai da yawa fiye da layukan da ke kallon gefe ɗaya, domin babu buƙatar barin tazara don inuwa. Wata dabarar ita ce a ɗaga su a kan rumfa sama da injuna da wurin shan iska. Ginin ofis na Bullitt Center a Seattle ta Amurka, mai hawa shida, wanda aka buɗe a 2013, ya miƙa rumfar farantansa har ta zarce bangonsa. Irin wannan sai da izinin hukuma.

Inda inuwa ke taɓa wasu farantai, a sa wa kowanne ƙaramar inbata ko na'urar daidaitawa, kada guda ɗaya ya ja layi duka ƙasa. Farantin bango yana da amfani a garuruwan da ke nesa da tsakiyar duniya, inda wanda ke kallon rana kan ba da kusan kashi biyu cikin uku na abin da na rufi ke bayarwa. Kusa da tsakiyar duniya rana a kai take, bangon gabas da yamma ne kaɗai ke samun abin kirki. A kowane hali a sa shi a hawa na sama, inda inuwar titi ba ta kai.

Batir ba ya ƙara ko yunit ɗaya a lissafin shekara, hasali ma yana cin kaɗan. Amfaninsa shi ne kai wutar rana zuwa dare, da riƙe lif da famfo da firji idan layi ya ɗauke. Ɗakinsa ya samu iska da bango mai jure gobara, nesa da hanyar tsira.

Batun mita a warware shi da lauya da kamfanin wuta tun ana zane. Farantai na mai gini ne, masu sha 'yan haya ne, kuma ba kowace ƙasa ce ta yarda mai gida ya sayar wa ɗan haya wuta ba. Jamus ta yi doka ta musamman kan haka a 2017. A California ana raba wa mitocin 'yan haya rabon abin da rufi ya samar a takardar kuɗinsu. Abin da dokar wurinka ta yarda shi ne zai yanke yadda za a ja wayoyi.

Mataki na tara: gwaji a wurin aiki da bayan an tare

A yi gwajin toshewar iska sau biyu. Na farko a gida ɗaya na samfuri, tun layin toshewar yana a fili ana iya gyarawa, a tara birkiloli da kafintoci da masu famfo da masu wayarin su ga hayaƙin gwaji yana bin ramukan da aka bari. Na biyu a ƙarshe, a ginin gaba ɗaya. A ɗauki hoton bargo kafin a rufe shi, a bi bango da kyamarar zafi. A auna iskar da ke fita daga kowace kafa a kowane ɗaki, a daidaita ta da abin da ke zane.

A bar rarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a kasafi, domin farantai na raguwa da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara, ƙura na taruwa, inbata kan buƙaci sauyi bayan shekara 10 zuwa 15, kuma mutane ba sa rayuwa yadda kwamfuta ta zata. A sa ƙananan mitoci daban-daban ga ruwan zafi, na'urorin sanyi da ɗumi, wutar haɗaka da sola. Kowane sabon ɗan haya a zagaya da shi gidan, a nuna masa makarin taga, matata da ma'aunin zafi, a bar masa bayani shafi ɗaya.

A cikin kwangila a rubuta cewa injiniya zai ci gaba da karanta mitocin nan kowane wata har shekara biyu, a ware kuɗin wannan aiki tun farko. Shekarar farko gini na bushewa, ana ta gyaran saiti, wasu gidajen ma ba a shiga ba. Lambobin wata 12 na shekara ta biyu, da gidaje cike da mutane, su ne za a ɗora a kan lambar da aka rubuta a saman zane, a liƙa sakamakon a bakin matakala inda duk mazauna za su gani.